Hannatu, Kada Ki Dawo Saboda Idona

Samaru, Zariya

'Yata Hannatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin saba da wurin, ruwan can bai ɓata miki ciki ba, kuma kina samun abin da za ki iya ci. Allah ya tsare ki daga zazzaɓi, da mugayen mutane, da haɗarin hanya. Babanki yana gaishe ki. Ƙawata Laraba ma ta ce in gaishe ki sosai.

Labarin gida kuwa ki nema wurin babanki a waya, shi ne ya iya cewa kowa lafiya. Ni wata magana ce ta sa na ce ya sauko mini da tsohuwar tafireta daga kan kabad, ya sa mata sabon ribon. Shi ke saka mini takarda, in ta ƙare ya canja. Yatsuna ba su manta inda haruffa suke ba. In kin ga kuskure ki wuce shi, ba na iya karanta abin da na buga, shi kuma na hana shi karantawa.

Ranar Lahadi kin gaya mini a waya cewa da zarar kun fita daga sansanin horon masu bautar ƙasa za ki kai takardar likitana ki roƙi a maido ki Zariya, ki ƙarasa bautar ƙasar a kusa da ni. Na yi shiru, kika zaci layi ne ya yanke. Ba layi ba ne. Da na buɗe baki a lokacin, ko in yi kuka ko in zage ki, kuma ba ko ɗaya da ya cancance ki. Amsata ita ce a'a. Amma na san halinki, ba kya karɓar a'a sai da dalili, don haka ki zauna ki karanta.

Kina aji biyu a sakandare abin ya fara. Kin tuna teburina a layin masu buga takardu, kusa da ƙofar jami'a, da na Laraba a gefena. Lokacin furojet ne, wato rubutun kammala digiri, ɗalibai sun cika mana wuri, kowa yana cewa nasa gobe za a karɓa. Sai idona na hagu ya yi ja. Ba ƙaiƙayi yake ba, ciwo yake daga ciki, hasken rana kuma yana soka ni kamar allura. Laraba ta leƙa ta ce, "Rifkatu, wannan ba apolo ba ne. Apolo yana kwantsa, naki ba ya yi. Ki je asibitin Shika."

Na ce, "In bar takardun mutane in je in wuni a layi saboda jan ido? Ke dai kina son a kawo miki kwastomomina."

Muka yi dariya. Da yamma na hau mota zuwa Sabon Gari sayen takarda, na biya wani kemis. Mai kemis ɗin bai ko taso daga kujera ba. Ya miƙo mini 'yar kwalba ya ce, "Madam, wannan ko wane irin jan ido ne yana kashe shi." Gaskiya ya faɗa kuwa, kafin mako ya fita ido ya yi fari tas. Na riƙa yawo da kwalbar a jaka kamar kwalli. Ido ya yi ja, in ɗiga. Ya koma na dama, in ɗiga. Ta ƙare, in sayi wata. Shekaru na yi a haka, har ina ba wasu shawara su saya.

Sai daga baya likita ya gaya mini cewa irin wannan maganin, in ba a auna ido ana lura ba, yana kawo hawan jinin ido, ya riƙa cin jijiyar gani a hankali ba tare da mutum ya ji komai ba. Ciwon yana ci ta gefe ɗaya, maganin da nake taƙama da shi yana ci ta ɗayan. Mai kemis ɗin yana nan, ya ma faɗaɗa shago. In babanki ya bi da ni ta layin sai in ji muryarsa, "Madam, ya ido?" Ban taɓa amsa masa ba. Hannatu, duk abin da ya kwantar miki da ciwo nan take amma ciwon ya riƙa dawowa, to bai warkar da ke ba, bakin ciwon kawai ya rufe. Kuma in wadda ta san ki ta ce ki je asibiti, kada ki mai da maganarta wasa.

Da gani ya fara raguwa sai na shiga ɓoyewa. Baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo a gabana kamar ƙudaje, rubutu yana narkewa. Nakan jira sai kwastoma ya juya baya in kai takarda har hancina. Wata rana wani ɗalibi ya dawo yana ihu a gaban jama'a, na tsallake masa layuka da yawa a babi guda, malaminsa ya watso masa aikin. Na ce rubutunsa ne kamar tafiyar kaza. Yaron ya tafi yana share hawaye, ni kuma na zauna ina ta faɗa don kada kowa ya kalli idona.

A lokacin ne kwamfuta ta shigo layinmu. Kowa ya tafi koyo, har Laraba da ta girme ni. Ni na gwada sau ɗaya, hasken gilashin ya sa na yi kwana biyu da ciwon kai. Maimakon in faɗi haka, sai na ce ni ba na son kwamfuta, aikin ragwaye ne. Kwastomomi suka bi kwamfuta suka bar ni da tafireta. Har yau akwai masu cewa taurin kai da girman kai ne suka rufe teburin Rifkatu. Ni na ba su wannan labarin da bakina. In wani abu ya gagare ki a wurin aiki, ki faɗi gaskiyar abin da ya gagare ki. In kin ɓoye, mutane za su nemo nasu dalilin, kuma nasu ya fi naki muni.

Ban je Shika ba sai da wani ɗan acaɓa ya kwashe ni a bakin kasuwar Samaru. Ta hagu ya fito, ban gan shi ba sam. Yana ta rantsuwa cewa na kalle shi kafin in shiga titi. Babanki bai yi gardama da shi ba. Washegari ya ɗauki hutu a gonar binciken da yake aiki ya kai ni asibiti.

Likitan da ya fara duba ni ya san aikinsa. Ya haska idon, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni, "Mama, gaɓoɓinki suna kumbura? Kina samun gyambo a baki, ko a wani wuri a jiki?" Gwiwoyina sun daɗe suna kumbura. Bakina kuwa kin sha ganina ina shan kunu kawai saboda ƙuraje. Akwai kuma wasu a wurin da ba zan iya ambata ba a gaban namiji, ga ɗaliban likitanci sun kewaye ni da littattafansu, wasunsu ma na taɓa buga musu takarda. Na ce, "Babu." Na ce a raina me ya haɗa ido da wancan wurin.

Ashe duk ciwo ɗaya ne. Sai da aka fi shekara ana ta fama da ido shi kaɗai, sannan na faɗa hannun wata likita mace, wadda nake gani har yanzu. Ita ta sallami ɗaliban, ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ni ta sake tambaya. Da na gaya mata sai ta ce, "Mama, jikinki ne yake yaƙi da kansa. Sojojin da ya kamata su kare ki su ne suke kai wa idonki hari. Da mun san wannan tun farko, da wani maganin muka sa ki a kai." Ba ta ɗaga murya ba, amma na gwammace ta mare ni. An koya mana kunya tun muna yara, an ce ita ce adon mace. Ba wanda ya gaya mana inda za mu ajiye ta. Ki ajiye ta a ƙofar ɗakin likita, Hannatu. In ba za ki iya faɗa wa namiji ba, ki nemi mace. In mutane sun yi yawa, ki ce a fitar da su. Haƙƙinki ne.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona mini rai. Ƙwayoyin da ta ba ni sun yi aiki, ciwon ya lafa, har na koma karanta manyan haruffa. Amma sun kumbura mini fuska, na yi ƙiba ta ban mamaki, ba na barci. A coci ina jin matan zumunta suna raɗa a bayana. Wata ta ce ciki ne da tsufa, wata ta ce ciwon zamani ne nake ɓoyewa. Suna zaton wanda ba ya gani ba ya ji.

Sai ga wani baƙon mai wa'azi ya kafa rumfa a wani fili ta wajen Jushi. Ke kina makaranta ranar. Wata maƙwabciya ta kai ni. Mutumin ya ajiye babban kwando a gaba ya ce duk wanda ya gaskata an warkar da shi ya zo ya jefa maganinsa. Ana kiɗa, ana kuka, ana faɗuwa. Na tashi da ƙafata na je na juye jakata a kwandon. Aka ɗaga hannuna sama, jama'a suka yi ta tafi. Ba zan yi miki ƙarya ba, rabona da jin daɗi irin na ranar an daɗe.

Da na dawo gida babanki ya ce, "Rifkatu, yaushe Allah ya hana shan magani?"

Na ce, "Kai dai ba ka da bangaskiya, shi ya sa ba abin da ke gaba a gidan nan."

Ya tashi ya fita. Kin san shi. Ya je ya sayo wasu ƙwayoyin ya ajiye a kan tebur, na ƙi taɓa su. Bayan 'yan makonni na farka da safe na ce masa ya buɗe taga. Ya ce a buɗe take. Idon hagu ya tafi ke nan, bai kuma dawo ba. Na dama ma da ƙyar aka ceto ɗan abin da ya rage. Mai wa'azin ya riga ya naɗe rumfarsa ya wuce wani gari. Waɗanda suka yi mini tafi kuma suka ce bangaskiyata ce ba ta kai ba. Fastonmu ne, wanda na raina saboda ba ya ihu in yana addu'a, ya zo da tsohuwar motarsa ya kai ni Shika, ya zauna a benci tare da babanki har aka gama da ni.

Ban ce ki bar Allah ba. Ni ma ban bar shi ba, ko da yake akwai kwanakin da addu'ata duk ƙara ce nake kai masa a kan shi kansa. Amma duk wanda ya ce ki nuna bangaskiyarki ta hanyar jefar da abin da ke riƙe da lafiyarki, ki tambayi kanki ko zai kasance a garin ranar da abin zai ɓaci.

Kina ganin kin san yadda nake rayuwa don ke kike riƙe hannuna. Akwai abin da ban gaya miki ba. Da idon dama ina ganin duniya kamar ta cikin ledar da aka zuba manja, ita ma ta wata 'yar kafa. Baƙo ya zo, sai ya tambayi babanki, "Za ta sha shayi?" ina zaune a wurin. Wasu kuma su riƙa ɗaga murya kamar kunnen ne ya mutu. Ranar bikin kammala karatunki kowa ya ce kin yi kyau, na ce ƙwarai. Abin da na gani shi ne wani dogon abu mai duhu yana motsi yana magana da muryarki. Fuskarki da nake riƙe da ita ta 'yar sakandare ce. Ban san yadda kika zama ba da kika girma.

Wataƙila shi ya sa na ci gaba da riƙe ki kamar yarinya. Kin sami ɗaki a makaranta, na ce wa zai ɗiga mini magani. Ƙawayenki suna tafiye-tafiye, ke kina layin kati a asibiti. Yaron nan Bulus da yake zuwa wurinki, ba laifin da ya yi mini. Na riƙa amsa gaisuwarsa da ƙyar har ya daina zuwa, don na ji a muryarsa cewa da gaske yake, zai iya tafiya da ke. Bara da sunanki ya fito a tafiya bautar ƙasa, na kwanta na ce jikina ya tashi, kika ɗaga tafiyar. Jikin ya tashi da gaske, amma bai kai yadda na nuna ba.

Laraba ce kaɗai ta iya gaya mini. Ta zo ta same ni a tsakar gida ta ce, "Rifkatu, yarinyar nan ba sanda ba ce. In sanda kike so, ana sayarwa."

Na ce, "Fita mini daga gida. Ke da kike da ido biyu me kika sani?"

Ta ce, "Zan fita. Amma ranar asibiti zan zo, ko ki bi ni ko ki zauna."

Ta zo kuwa. Na bar ta tsaye a ƙofa ta gaji ta tafi. Wata na gaba ta sake zuwa. A nan ne na ɗauki mayafina na bi ta har Shika. Ki nemi ƙawa irin wannan a inda kike, ko da guda ɗaya ce. In ta gaya miki abin da ya yi zafi, ki yi fushinki, amma kada ki kulle ƙofa. Kuma in wata rana wani ya ce yana ƙaunarki alhali ƙaunar tasa kullum rage ki take yi, ki kula, ko da uwarki ce.

Na san abin da kike tunani game da sabon maganin nan, don kina wurin ranar da likitar ta ambace shi. Allurar da aka fara amfani da ita a ƙasashen waje, wadda ke kwantar da yaƙin da jiki ke yi da kansa ba tare da kumbura mutum ba. Ta faɗa a fili cewa abin da ya mutu ba zai tashi ba, sai dai a tsare wanda ya saura, kuma ba kowa take yi wa aiki ba. Duk da haka na kama maganar na riƙe. Duk zuwan da na yi, kafin in zauna nake cewa, "Likita, ta iso?" Ita kuma ta ce, "Tukuna, Mama." Har ma'aikatan jinya sun haddace, ina jinsu suna faɗa tare da ita.

Abin yana ci mini rai, Hannatu. Da a ce babu maganin a duniya, da na haƙura kamar yadda kakanninmu suka haƙura. Amma yana nan. Akwai wata mace sa'ata a wata ƙasa, mai irin ciwona, da aka yi mata allurar nan ta koma gida tana karatu. Ba ta fi ni addu'a ba. Inda aka haife ta ne kawai ya bambanta. Mutane suna cewa ko ban samu ba wasu za su samu a bayana, in yi murna da wannan. Ina ƙoƙari. Ban kai ba tukuna. Ni ma ina so.

Saboda haka nake shan ƙwayoyina yanzu ba fashi, da kumburin da komai, don in allurar ta iso ta tarar da abin da za ta tsare. Wannan aikina ne, ba naki ba. Kada ki hana kanki abinci kina tara alawus saboda ita. Kada ki sayi komai a hannun masu talla a cikin mota da ke cewa daga waje aka kawo, an riga an kawo mini irinsu har gida. Zamanki a Zariya ba zai sa ta iso da wuri ba, ba kuma zai ƙara mini gani ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya mai da mu biyu masu jira.

Ki kula da naki idon. In ya yi ja yana ciwo, haske yana damunki, ki nemi likitan ido a ranar, ki gaya masa ciwon uwarki duka. Likitar ta ce ba lalle ne ya bi jini ba, amma ki faɗa.

Mu kuma nan muna lallaɓawa. Babanki yana dafa tuwo mai gudaji, ina ci ina mita. Na karɓi sandar. Ranar Talata na je bakin titi ni kaɗai na sayo ƙosai, na faɗa kwata da ƙafa ɗaya, na fito, na dawo da ƙosan. In wata rana aka kira ki aka ce ɗan hasken da ya rage ya ɗauke, ki yi kukanki a can, ki kira ni mu yi magana, amma kada ki hau mota. Ki gama abin da ya kai ki. In sun ba ki aiki a can bayan kin gama, ki karɓa.

Saura abu ɗaya. Ranar da muka raka ki tasha a Sabon Gari, da kika shiga mota, na ji inji ya tashi sai na ɗaga hannu ina ta kaɗawa, ina murmushi don ki tafi da fuskata a sake. Na daɗe ina yi. Sai na ji wani kwandasta yana dariya, babanki kuma ya kama kafaɗata a hankali ya juya ni ya ce, "Ta wannan gefen ne, Rifkatu." Kafin in juyo motarku ta riga ta fita ƙofa. Ban sani ba ko kin leƙo ta taga. In kin leƙo kin ga uwarki ta ba ki baya tana yi wa motar wasu ban kwana, to ke nake yi wa.

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya da wurin aiki da wurin kwana, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya ba ki lafiyar jiki da ta ido. Ya dawo mana da ke a lokacin da ya dace, ba kafin nan ba. Amin.

Ni ce mamarki,
Rifkatu